Hannu Ya Faɗa, Ina Maganar?

Akwai wata tambaya da ba a cika rasa ta ba a duk hirar da aka yi da marubuci a shafukan mujallar nan, wato: "Yaushe ka fara rubutu?" Amsar kuwa kusan iri ɗaya ce kullum. Wani ya ce tun yana sakandare, wata ta ce bayan an yi mata aure zaman kaɗaici ya ishe ta, wani kuma ya ce ranar da ya karanta littafin wane ne ya ji a ransa shi ma zai iya. Ban taɓa jin wanda ya ce a aji biyu na firamare ya fara ba, alhali kuwa yawancinmu a nan ne aka damƙa mana fensir. Ke nan tsakanin ranar da yaro ya iya zana baƙi da ranar da ya fara faɗin abin da ke ransa a kan takarda akwai shekara takwas ko goma da suke wucewa haka nan, wasu ma har su tsufa ranar ba ta zo musu ba. Wannan giɓi shi nake so mu duba tare, ya 'yan'uwana marubuta, domin a ganina cikinsa ne muke asarar mafi yawan waɗanda da su ne za su gaje mu.

Ni malamin firamare ne, shekara talatin da 'yan kai ina riƙe da alli, kuma a Kudenda nake zaune. Ga wanda bai san Kaduna ba, Kudenda tana kudancin kogi ne, a gefen babbar hanyar nan ta bayan gari mai sunan Nnamdi Azikiwe, maƙwabciyar Nasarawa da Kakuri. Unguwa ce ta masana'antu da 'yan ƙwadago. Da yawa daga kakannin yaran da nake koyarwa masaƙu ne suka kawo su Kaduna, tun daga wadda aka buɗe a Kakuri a 1957, wadda ta rufe ƙofarta a 2002, sauran kuma suka bi sawunta ɗaya bayan ɗaya. Masaƙu sun mutu, amma mutane sun zauna. Don haka a benci guda sai ka tarar da ɗan Gwari da ɗan Bajju da ɗan Kataf da Bahaushe da ɗan Ibo da ɗan Tibi, kowa da harshen da ake yi masa faɗa da shi a gida, amma in sun fito wasa Hausa ce da buroka suke haɗa su.

Bari in fara da ba wa hannu haƙƙinsa, kada wani ya ɗauka na zo rena kyan rubutu ne. Kafin a sa ni boko a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, sai da na yi makarantar allo, kuma har gobe ban ga wurin da ake horar da hannun yaro da haƙuri kamar can ba. Yaro zai fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, malam ne yake rubuta masa yana kallo, sannan a hankali a bar shi ya feƙe alƙalaminsa na kara, ya dama tawadarsa ta gawayi da ƙaro, ya wanke allo ya shanya, ya rubuta da kansa. Ba a yi masa gaggawa. A can kwafi shi ne manufa, kuma daidai ne ya zama haka, domin abin da ake rubutawa ba abin da ɗan Adam zai ƙara wa wasali ko ya rage masa ɗigo ba ne. Amma ku lura da abin da kakanninmu suka yi da wannan hannu bayan ya faɗa: da shi suka rubuta wasiƙu da ajami, suka rubuta bashi da lissafin fatauci, suka tsara waƙoƙi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da wannan hannun ta yi ta tsara waƙoƙin da jajis suke ɗauka su kai wa matan ƙauye. Ashe su ba su tsaya a kwafi ba.

Boko ce ta ari kwafin, ta mance da sauran. Ka shiga kowane aji a wannan yanki namu da misalin ƙarfe goma na safe, abin da za ka gani shi ne malami ya juya wa yara baya yana cika allo, su kuma sun duƙufa suna juyewa. Aji ɗaya suna cika littafin nan mai jan layi da shuɗi da a, b, c, aji shida suna kwafar bayanin sassan fure da ba su taɓa tsinka sun duba ba. Iyaye kuwa abin da suke dubawa ke nan. Uwa za ta buɗe jakar ɗanta da yamma, in ta ga shafi a cike, baƙaƙe a tsaye kamar sojoji a fareti, ga jan biro ya yi alamar daidai, sai ta ce alhamdu lillahi kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Wata maƙwabciyata ta taɓa kawo mini ɗanta mai shekara goma tana alfahari, ta ce, "Malam, dubi rubutun yaron nan, sai ka ce na'ura ce ta buga." Gaskiya ta faɗa, rubutun ya yi kyau ƙwarai. Na miƙa masa farar takarda na ce, "Yarona, rubuta mini abin da ka ci jiya da dare, da wanda ya dafa." Ya riƙe biro, ya dube ni, ya dubi bango inda ya saba ganin allo, ya ce, "Baba Malam, ai ba ka rubuta ba tukuna."

Kada a ce ai akwai darasin insha'i a jadawali. Akwai shi, na sani, kuma na san yadda ake yinsa. Malami zai rubuta insha'i guda da Turanci a kan "Ni Kaina", ya bar gurbin suna da na shekaru, yara su haddace. Ranar jarrabawa sai ka sami yara sittin dukkansu dogaye, dukkansu baƙaƙe, dukkansu shinkafa da wake suka fi so, dukkansu likitoci suke so su zama, har da gajeriyar yarinyar nan fara sol da na san ba abin da take ƙi kamar wake. Wannan ba rubutu ba ne, hadda ce ta hannu. Mafi muni ma, yana koya wa yaro tun yana ƙarami cewa takarda wuri ne da ake faɗin abin da ba haka yake ba don a sami maki.

Ba zan ɗora wa malamai laifin duka ba, don na san halin da ake ciki. Lokacin da gwamnatin jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare a farkon 2016, azuzuwa sun cika sun batse, har wasu yaran a taga suke zama. Mai yara ɗari a gabansa, in ya ce kowa ya rubuta nasa, yaushe zai karanta? Kwafi kuwa ko ba komai yana sa aji ya yi shiru. Sannan a 2017 aka yi wa malaman firamare jarrabawar nan da ta tayar da ƙura, aka ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar, ba kuma ita ce ta kawo ni ba. Abin da kawai zan ce shi ne, su ma waɗannan malamai 'ya'yan kwafi ne. Wanda ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa a takarda ba tun daga aji ɗaya har ya karɓi takardar shaidar malanta, ta yaya zai san ana tambayar yaro?

Wannan ciwo ma ba sabo ba ne. Lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya gasar nan ta 1933, sai da ya zaga garuruwa yana lallashin masu ilmi su ƙaga labari, kuma shi da kansa ya bayyana daga baya irin wahalar da ya sha, domin a wurin da yawansu labarin ƙirƙira tatsuniya ce, aikin mata da yara, ba abin da mai hankali zai ɓata tawada a kai ba. Hannu akwai, ilmi akwai, amma ba a saba ɗaukar maganar zaure a ɗora ta a takarda ba. Wanda ya yi fice a gasar, Abubakar Imam, saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyu yana koyarwa a Midil ta Katsina, kuma duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san ƙarfinsa shi ne kana karantawa kana jin kamar mutum ne a gabanka yake zuba. Haka kuma in mun dawo kusa, Balaraba Ramat Yakubu tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa ajin manya na yamma ne ya ba shi boko, amma Alhaki Kuykuyo Ne da In Da So Da Ƙauna sun shiga gidajen da littattafan masu digiri ba su taɓa leƙawa ba. Me suke da shi? Suna da magana, suna kuma da waɗanda suke so su gaya wa.

To, yaro ma yana da magana, ya ma fi mu. Ku saurari ɗan shekara shida yana ba abokinsa labarin yadda tirela ta kife da buhunan fulawa a bakin titi: akwai farko, akwai tsakiya, akwai ƙarin gishiri, har da kwaikwayon muryar direba. Me ya sa duk wannan yake ƙafewa da zarar an ba shi fensir? Dalilin a fili yake ga duk wanda ya zauna kusa da yaro yana kallonsa. Hankalin yaro kamar faifai ne, abin da zai ɗauka a lokaci guda kaɗan ne. In har yanzu yana tunanin ina cikin "b" yake fuskanta, ina na "d" yake fuskanta, yana cije leɓe yana danna fensir har takarda ta huje, to faifan ya cika, kafin ya gama kalma ta biyu jimlar ta zube. Saboda haka horon hannu wajibi ne, kuma kullum, amma kaɗan kaɗan: minti goma sun isa, a fara a ƙasa da yatsa ko da tsinke, a koma bango da gawayi, sannan takarda, har baƙi ya riƙa fita ba tare da an yi tunaninsa ba, kamar yadda mai keke ba ya tunanin feda. Inda ake ɓata lissafi shi ne a ce sai hannu ya gama faɗawa sannan a nemi magana. Kafin nan maganar ta yi fushi ta tafi. Tare ya kamata su taso, kamar tagwaye, kuma kafin hannun yaro ya yi ƙwari sai babba ya ara masa nasa.

Ga yadda nake yi da yaran da suke taruwa a ƙofar gidana bayan la'asar, su goma sha biyar zuwa ashirin, ba na karɓar ko kwabo sai dai wanda uwarsa ta aiko da ƙosai. Ƙaramin da bai iya komai ba, sai in tambaye shi, "Wace kalma kake so yau?" Ba ni nake zaɓa ba. Duk wadda ya faɗa in rubuta masa ita da manyan baƙaƙe a bayan kwalin sabulu ko na taliya, in ba shi ya sa a aljihu, tasa ce. Gobe in ya gane ta ya ajiye, in bai gane ba a yar, ba tasa ba ce da ma. Wannan dabara ba ni na ƙago ta ba. Wata malama ce a ƙasar Niyu Zilan, Sylvia Ashton-Warner, ta yi amfani da ita wajen koyar da 'ya'yan ƙabilar Mawori, ta kuma bayyana ta a littafin da ta fitar a 1963. Ta lura cewa kalmomin da yara suke nema na abin da suke tsoro ne ko abin da suke ƙauna, kuma irin waɗannan kallo ɗaya suke yi musu su riƙe. Haka na gani a Kudenda. Ba wanda ya taɓa roƙona "tebur" ko "kujera". Abin da suke nema shi ne Mama, maciji, tirela, ɗan sanda, kada, allura, ambaliya. Wani yaro da mahaifinsa ya tafi neman kuɗi Legas ya yi mako guda ba kalmar da yake nema sai "dawo".

Daga kalma sai jimla. Yaro ya faɗa, ni in rubuta daidai yadda ya faɗa, ban gyara masa ba, in karanta masa ina bin kalmomin da yatsa. Ku zo ku ga fuskar yaro ranar da ya fara gane cewa abin da ya fito daga bakinsa ne yake kwance a takarda, kuma gobe ma in an ɗauko zai sake faɗin abin nan bai canza ba. Sai ya kwafi jimlarsa a ƙasan tawa. Kwafi ne dai, amma na maganarsa, bambancin kuwa kamar na mai noman gonarsa ne da ɗan ƙodago. Bayan 'yan makonni sai in fara noƙewa: in rubuta rabi in ce hannuna ya gaji, ya ƙarasa. Wata rana kuma in ce biro ɗina ya ɓace.

Sai batun jan biro, wanda a nan ne nake samun saɓani da abokan aikina, har ma da wasunku. Yaron da ya fara rubuta nasa zai rubuta ne yadda kunnensa ya ji. Zai rubuta "baba" yana nufin "babba", zai raba "yana" gida biyu, zai haɗe kalma uku wuri guda. A unguwa irin tamu kuma akwai ƙari, domin da yawan yaran Hausa ba harshen uwa ba ce gare su: ba ruwansu da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, "kafa" da "ƙafa" duk ɗaya ne, kuma za su ce "Mamana ya tafi kasuwa" hankalinsu kwance. Na san akwai 'yan'uwa a ƙungiyar nan da in sun ga haka sai jikinsu ya yi tsami, ni ma ina son daidaitacciyar Hausa, ita nake koyarwa. Amma ka ɗauki yaron da ya yi gumi ya haifo layi uku na farko a rayuwarsa, ka mayar masa da takarda ta yi ja kamar mahauta, me ka koya masa? Ka koya masa cewa gobe ya rubuta layi ɗaya, da kalmomin da ya tabbata ya iya, ko da ba su yake son faɗa ba. Ni abin da nake yi, in fara amsa maganar tukuna. In ya rubuta akuyarsu ta haihu, sai in rubuta a ƙasa, "'Ya'ya nawa? Wane launi?" Dole ya sake ɗaukar fensir ya ba ni amsa. Gyara kuwa ɗaya tak a rana, shi ma da baki, kuma a zaɓi wanda zai ba shi dariya: "Ka ce babanka ya kafa ta yi ciwo, me ya kafa, rumfa?" Ranar ya riƙe ƙugiyar ƙ har abada. Da rarrafe yaro kan tashi, ba a kuma dukan mai rarrafe don bai yi gudu ba.

Wani zai ce me ya sa da Hausa, alhali jarrabawa da Turanci ake yi? Wannan gardama ta girme mu. Tun 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na unguwar da yake, Farfesa Babs Fafunwa ya gwada haka da Yarbanci a Ife tun daga 1970, maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe makarantar gwaji ta Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a yi shekara shidan firamare duka da harshen gida, a Nuwamban 2025 kuma ministan ilmi ya ba da sanarwar an soke, a koma Turanci. Su can sama suna ta kai gwauro suna kai mari, ni dai abin da na sani a kan tabarmata shi ne, mutum ba ya koyon faɗin zuciyarsa da harshen da bai iya faɗa da shi ba. Ga shi kuma Allah Ya yi wa rubutun Hausa sauƙi: kusan yadda ka ji haka za ka rubuta, ba kamar Turanci ba da baƙi guda yake da murya uku, wani ma a rubuta shi a ƙi furta shi. Yaron da ya san baƙaƙe da wasula biyar zai iya rubuta duk abin da bakinsa ya iya faɗa a cikin 'yan watanni. In ya saba da cewa takarda tana ɗaukar magana, ranar da Turancinsa ya nuna zai zuba a ciki, ba sai an sake koya masa ba.

Akwai wata jimla da wata yarinya 'yar aji uku ta rubuta mini wadda har yau take cikin aljihun rigata ta zuwa taro. A unguwarmu ne aka kafa tashar wutar lantarkin nan da aka ba da kwangilarta a 2009, aka shafe fiye da shekara goma ba ta haska ko ɗaki ɗaya ba. Na ce kowa ya rubuta abin da yake gani a hanyarsa ta zuwa makaranta. Ita sai ta rubuta: "Gidan wuta yana bayan gidanmu amma da tocilan din Mama nake rubutu." Ba ƙugiya a ɗ, ba waƙafi. Amma ku gaya mini, cikinmu masu littafi biyar da goma, wa zai faɗi wannan magana fiye da haka?

Abu na ƙarshe da yake sa yaro ya rubuta da gaske, wanda kuma ya fi duk sauran ƙarfi, shi ne ya san akwai mai jira ya karanta, wanda ba malami ba. Malami ya riga ya san amsa, yaro ma ya san ya sani. Shi ya sa nake sa su rubuta jerin cefane su kai wa mai kayan miya ya karanta da kansa, ko saƙo zuwa ga kaka a ƙauye. A Faransa an yi wani malamin ƙauye, Célestin Freinet, wanda ya dawo daga yaƙin duniya na farko da rauni a huhu, ba ya iya doguwar magana a aji. Larura ta sa a 1924 ya shigo da ƙaramin injin ɗab'i cikin ajinsa, yara su rubuta abin da suka ga dama, su zaɓi wanda ya fi, su jera baƙaƙen da hannunsu su buga. Daga baya suka fara musayar abin da suka buga da yaran wata makaranta a can gaɓar teku, ɗaruruwan mil daga garinsu.

Mu a Kaduna ba ma bukatar ɗaruruwan mil, kogi ya ishe mu. Kowa ya san abin da rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka yi wa garin nan: mutane suka kwashe kayansu, wannan ya haura arewa, wancan ya gangaro kudu, kowa ya koma inda masu addininsa suka fi yawa, mu 'yan tsirarun da muka zauna inda muke a kowane ɓangare muka zama abin nuni. Yaran da nake koyarwa an haife su ne bayan an gama wannan rabo, akwai cikinsu wanda bai taɓa taka Tudun Wada ba, ga ta nan kuwa ko awa ɗaya ba za ka yi a mota ba. Ina da wani aboki malami a can, tare muka yi kwalejin horon malamai, shi ma yana tara yara da yamma. Muka shirya yaransa da nawa su riƙa rubuta wa juna, wani direban bas ɗan unguwarmu yana kai ambulan ɗin ran Litinin ya karɓo amsa ran Alhamis, ladansa a gaishe shi. Mu biyu muna karantawa kafin a rufe, da sanin iyaye.

Wasiƙun farko duk gaisuwa ce da sunan makaranta. A na uku ne tambayoyi suka fara fitowa. Wani nawa ya tambaya ko gaskiya ne a can ba a barin yara su yi ƙwallo. Wata ta can ta tambaya ko mu ma muna cin tuwo. Aka yi dariya, aka ba da amsa, kuma ba wanda na tilasta wa ya gyara rubutunsa: yaron da ya sami amsa cewa "ban gane layinka na biyu ba" da kansa ya zo ya ce, "Baba Malam, nuna mini yadda ake raba kalmomin nan." Abin da jan biro ya kasa a shekara, wasiƙa ɗaya ta yi shi a yini. Da damina ta yi ƙarfi kogi ya cika ya shiga gidajen bakin ruwa, sai ga wasiƙa daga can, layi biyu, wani yaro yana tambayar abokinsa da bai taɓa gani ba ko ruwan ya zo gidansu, in ya zo wai su taho nasu akwai ɗaki. Uwar yaron nawa ta sa aka karanta mata har sau biyu.

To, ina mu marubuta a cikin wannan? Mukan taru wata wata mu yi kukan cewa matasa ba sa karatu, waya ta cinye su, kasuwar littafi ta mutu. Amma su wa muke rubuta wa? Ka zaga shagunan littattafai ka nemi labarin Hausa na ɗan shekara bakwai, mai manyan baƙaƙe da jimla gajera, wanda aka rubuta a kan yaro irin na Kudenda ko Fagge ko Sabon Garin Zariya, ka ga ko za ka cika hannu ɗaya. Mu da muka taso da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu, muka haye kan Magana Jari Ce, an shimfiɗa mana tsani ne mataki mataki. 'Yan littattafan da suka fito a 'yan shekarun nan, irin su Mu Karanta da aka raba a makarantun Bauchi da Sakkwato, da tallafin ƙasashen waje aka yi su, kuma tallafi baƙo ne, ba ya kwana biyu. Kowannenmu yana da ɗa ko ƙane ko jika ko ɗan maƙwabci. Ba na ce kowa ya buɗe aji ba. Ka dai zama mai karanta wa yaro ɗaya abin da ya rubuta, ka amsa masa a rubuce, ka bar jan biro a ofis.

Ga edita da shugabannin ƙungiya kuma ina da roƙo takamaimai. Mujallar nan tana fitowa sau huɗu a shekara, a ware shafi biyu a kowace fitowa ga 'yan ƙasa da shekara goma sha biyu. A gyara musu ƙa'idar rubutu in ya zama dole, amma kada a taɓa kalmominsu, kada wani babba ya zauna ya yi musu kwalliya da karin magana, a kuma sa sunan farko da aji da gari kawai. In an buga, a aika wa kowane yaro kofi ɗaya nasa na kansa, ba na malaminsa ba. Na haɗo guda shida tare da wannan maƙala, iyayensu duk sun amince: huɗu daga Kudenda, biyu daga Tudun Wada. Ɗaya labarin akuya ne, ɗaya na tirelar fulawa, ɗaya kuma wata yarinya ce take ƙarar yayanta a kan rabon nama, ta ce in an buga a tabbata ya gani.